Yaya da Kalmominta Dubu Hamsin

Ranar ɗaya ga wata, ina zaune a teburina da ke ƙarƙashin matakala a maɗaba'ar da nake aiki, ina duba kurakurai a takardar bayanin wani injin ban ruwa, sai wayata ta yi ƙara. Yayata ce. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Auta, 'wanda' haɗe ake rubuta shi ko rabe?"

Na ce ta karanto min jimlar. Ta karanto. Na ce haɗe ne.

"To in na raba fa? Akwai mai kama ni?"

"Me zai sa ki raba?"

"In na raba ya zama biyu mana."

Sai da na toshe ɗaya kunnen da yatsa saboda ƙarar injin buga takardu kafin na gane inda ta dosa. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce ta jefa ta cikin wani zaure a waya, inda mutum talatin da ɗaya suka yi alkawarin kowa zai rubuta littafin labari mai kalma dubu hamsin cikin kwana talatin. Kullum da yamma kowa zai saka adadin abin da ya rubuta, sauran su yaba masa. Rabon kowace rana kalma dubu ɗaya da ɗari shida da sittin da bakwai. Ita ranar ta kai dubu ɗaya da ɗari biyu ta tsaya cak, shi ne take neman na ciko.

Yaya ta girme ni da shekara goma sha huɗu. Shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya a sashen ƙashi, bara ta ajiye aiki. Tunda na buɗe ido ban taɓa ganinta riƙe da littafin labari ba. In ta ga takarda a hannuna, tambayarta ɗaya ce: jarrabawa zan yi?

Na ce, "Yaya, ba a rubuta littafi a wata guda."

Ta ce, "Kai naka wata nawa ya ɗauka?"

Ba da gatse ta faɗa ba, tambaya kawai ta yi, kuma hakan ya fi min ciwo. Shekara goma sha bakwai ke nan ina aikin gyaran rubutu. Tara daga ciki ina rubuta nawa littafin. Yana cikin aljihun teburina na ƙasa, shafi ashirin da uku, kuma babu waƙafi ɗaya a ciki da ban zauna na yi shawara da kaina a kansa ba. Na ce mata ina cikin aiki, na kashe wayar.

Washegari ta sake kira. Jibi ma haka. Ta riƙe lokacin da nake cin abincin rana, don haka da na buɗe kwano sai wayar ta fara rawa a kan tebur. A haka na san littafin ba tare da na nemi sani ba. Labarin wata ma'aikaciyar jinya da wani likita ne. Likitan ba shi da suna. Duk inda ya shigo sai ta rubuta Babban Likitan Sashen Ƙashi Mai Kula da Ɗakin Maza.

"Yaya, ki ba shi suna mana."

"Kalma tara fa ke nan duk shigowarsa. Ka san sau nawa yake shigowa?"

"Har matarsa a gida haka take kiransa?"

"Mace ce mai ladabi."

Duk mutum biyun da suka haɗu a littafin sai sun gaisa na rabin shafi, a tambayi kowane yaro da sunansa, a tambayi maƙwabta, a koma a sake tambayar gajiya. In kuma labarin ya maƙale ta rasa inda za ta nufa, sai ta karya wa wani ƙafa. Zuwa rana ta goma mutum bakwai sun karye, har da direban motar asibitin da ya zo ɗaukar na shida.

Ban tsira ba ko a gida. Ashe Yaya tana turo wa matata kowane babi da ta gama. Wata safiya ina ɗaura takalmi, matata tana tsaye da waya a hannu, shayinta na hucewa, ta ce, "Kai, likitan nan ba shi da kirki. Ka ga abin da ya gaya mata a gaban majinyata?"

Na ce, "Ke ma kin shiga?"

"Ni dai ina son in ga yadda za ta kaya."

Shafukana ashirin da uku ta taɓa karantawa, shekara shida da suka wuce. Da ta gama ta ce madalla, ta tashi ta je kwashe shanya. Ba ta taɓa tambayata yadda za ta kaya ba.

Ranar sha uku ga wata ta faɗo Asabar. Yaya ta ce lallai in zo, abin ba na waya ba ne. Gidansu a hawa na uku yake, na isa ina haki. Mijinta na zaune a falo yana kallon talabijin da aka kashe wa murya. Ya miƙo min hannu ya ce ƙasa-ƙasa, "Gara da ka zo. Kwana goma sha uku ba a yi hira da ni a gidan nan ba. In na yi tari sai a ce na kori jimla."

Na same ta a teburin cin abinci. Ta ture komai gefe ta kafa tsohuwar kwamfutar da ɗanta ya bar mata, tabarau a ƙarshen hanci, kofin shayi uku a jere duk sun yi sanyi. A jikin firji ta manna takarda mai gida talatin, ta soke goma da jan biro, ukun da ake bin ta na kallonta.

Ta ce, "An bar ni a baya da dubu huɗu. Mutanen littafin sun ƙi magana. Na zaunar da su a ofis, kowa ya yi shiru yana kallona. Ku marubuta me kuke yi in haka ta faru?"

Na ja kujera na zauna. Gaskiya na ji daɗin tambayar, don kwana goma sha uku nake jiran ta. Na ce mata abin da ya same ta shi ne abin da ke samun duk wanda ya ɗauki rubutu tseren gudu. Na ce labari ba ya son a kora shi, sai an zauna da mutanen cikinsa an san su, an san abin da suke tsoro da abin da suke ɓoyewa. Na ce wanda ya ƙirƙiro wannan gasa bai san darajar kalma ba, ya mayar da ita tsakuwa ana aunawa da kwano. Na yi bayanin bambancin rubutu da cika takarda. Na kawo misali da aikina, yadda waƙafi ɗaya ke juya ma'anar jimla. Ban taɓa jin bakina ya saki haka ba. Yaya na ta gyaɗa kai, yatsunta biyu na ta sara a kan kwamfutar, na ɗauka muhimman wuraren take kamawa.

Da na tsaya shan ruwa ta ce, "Ci gaba, ci gaba. Ka ɗan rage sauri dai."

Wani abu ya ɗarsu a raina. Na tashi na zagaya bayanta. Duk abin da na faɗa yana nan, kalma bayan kalma, a bakin wani sabon mutum da ta ƙirƙiro yanzun nan: wani ma'aikacin ɗakin magani da ke tsare mutane a layi yana yi musu lacca kafin ya ba su ƙwaya. Inda na ce rubutu ta sa magani. A ƙasa ta rubuta cewa mutanen layin sun fara hamma.

Ta duba kusurwar allon ta ce, "Ɗari tara da goma sha biyu. Allah ya yi maka albarka, Auta. Kana da wani?"

Na ɗauki hulata. Mijinta ya rako ni bakin matakala yana ta danne dariya har kafaɗunsa na rawa. A gida na ba matata labari ina huci, ita ma ta kifa kai a kan tebur. Da ta ɗago tana share hawaye ta ce, "Ni fa ban gane ba. Tsohuwa ta sami abin da ke tashinta da safe, kai me ya tsone maka ido?"

Na ce ɓata sana'a ake yi. Ta ce to.

Ban sake ɗaukar wayar Yaya a lokacin cin abinci ba, har ta koma turo saƙo. Ranar talatin ga wata, wajen ƙarfe huɗu na yamma, hoto ya shigo: takardar shaida mai zanen alƙalami da taurari, da adadi a ƙasa, dubu hamsin da arba'in da ɗaya. Cikin su talatin da ɗaya, huɗu ne suka kai. Bayan kwana biyu ta zo maɗaba'a da kanta, aka fitar mata da shi a takarda aka ɗinke, shafi ɗari da tamanin da shida. Ta ɗora min a kan tebur kamar mai miƙa jariri.

"Ka duba min. Kada ka ji nauyina."

Ban ji ba. Mako uku na yi a kansa, jan biro biyu suka ƙare. Matar likitan ta rasu a babi na biyar, an yi kuka an watse, a babi na sha biyu sai ga ta ta buɗe ƙofa tana tambayar wa ke sallama. Wata yarinya ta fara da shekara bakwai ta ƙare da huɗu. Akwai shafi uku cur na jerin kayan da ke cikin kabad ɗin ɗakin ɗori. Ina sokewa ina jin wani sanyi a raina wanda bai kamata in ji ba.

A shafi na ɗari da talatin da ɗaya biron ya tsaya. Wata tsohuwa ce a gado na ƙarshe kusa da taga. Ƙafarta ta warke sarai, hoto ya nuna, amma ta ƙi takawa. Da an tsayar da ita sai ta saki jiki ta ce zafi. Likita ya yi faɗa, ya ce tana cin gadon wani. Ma'aikaciyar jinyar ce ta lura cewa mako biyar babu wanda ya zo dubiya, kuma kullum tsohuwar tana ninke bargonta da kyau tana gyara wa na kusa da ita matashi, tana tambayar kowa yadda ya kwana. In ta taka za a sallame ta, kuma babu kowa a gida. Ma'aikaciyar ta riƙa zuwa kullum bayan an raba magani, ta kama ƙugunta ta ce, "Mama, raka ni in kai wannan fayil ɗin." Yau taku biyar, gobe takwas. Shafi huɗu ne kacal. Babu gaisuwar rabin shafi, babu wanda ya karye. Na karanta sau uku ina neman abin sokewa, na sami waƙafi biyu.

Na ci gaba da dubawa, na sami irinsa nan da can: yadda ake gane dangin da suka fara gajiya da majinyaci daga irin zaman da suke yi a bakin gado, yadda namiji ƙato ke riƙe hannun ma'aikaciya in za a juya shi sannan ya kasa haɗa ido da ita. Abubuwan da ko zan shekara ɗari a ƙarƙashin matakala ba zan ƙirƙiro su ba. Raina ya ƙara ɓaci, kuma na kasa gaya wa kowa dalili.

Na kai mata ranar wata Asabar. Ta buɗe, ta ga ja ko'ina, ta riƙa juya shafukan a hankali. Na soke ɗari da arba'in gaba ɗaya.

"Kalma nawa suka rage?"

"Za su kai dubu goma sha ɗaya."

Ta yi lissafi da leɓɓanta. "Wato ka mayar da ni rana ta bakwai."

"Yaya, ki manta da ranakun nan. Littafinki yana shafi na ɗari da talatin da ɗaya. Tsohuwar nan ita ce littafin. Likitan da soyayyarsa duk ki zubar."

"Wannan? Ranar kaina ke ciwo, na rasa abin rubutawa, shi ne na tuno wata mata. Ba abin da ya faru a ciki fa."

"Shi ne kaɗai wurin da wani abu ya faru."

Ta cire tabarau ta ninke. "Wata guda ina tashi tun kafin gari ya waye. Bayana har yanzu bai saki ba. Ka zo ka ce in zubar." Ta rufe littafin ta ɗora hannu a kai. "Ka gaida gida."

Kwana goma sha ɗaya ba ta kira ba, in na kira ba ta ɗauka. Na sami cin abincina cikin salama, sai dai ya daina shiga. Matata ta ce, "Ba ƙarya ka yi mata ba. Amma ka ji daɗin yi, kuma ta gani a fuskarka."

A rana ta sha biyu ina duba kalandar wani kamfanin sabulu sai inuwa ta rufe min haske. Yaya ce, da jakarta a hammata. Ta gaisa da mai kula da inji, ta jawo kwalin takardu ta zauna a kai.

"Ba ni naka."

"Nawa me?"

"Kada ka raina min hankali. Ka ga nawa tsirara. Ba ni naka."

Na so in ce yana gida, amma idonta na kan aljihun tebur na ƙasa. Na fito da shi. Ta sa tabarau ta fara, injin na ta bugawa a bayanta. Na yi kamar ina duba kalanda, na karanta watan Maris sau biyar. Minti ashirin ta gama. Ta daidaita takardun a kan gwiwarta.

"Hausarka ta fi tawa nesa ba kusa ba. Ko kuskure ɗaya ban gani ba."

Na ce na gode.

"Amma Auta, mutumin nan tun shafin farko yake tsaye a bakin taga. Na kai shafi na ashirin da uku yana nan. Shekara tara ka bar bawan Allah a tsaye. Ni da na yi aikin asibiti ina gaya maka, ƙafafunsa sun kumbura."

Mai kula da inji ya juya baya yana gyara abin da bai lalace ba.

Na ce, "Tunani yake yi. Littafin a kan abin da ke cikin zuciyarsa ne."

"To ya yi tunanin yana tafiya mana. Ba shi da aiki? Ba shi da 'yan'uwa? Ba mai buga masa waya ya dame shi?"

"Ba ki gane irin wannan rubutun ba."

"Wataƙila. Ni dai na gaji da shi tun shafi na shida, don kai ne na ƙarasa." Ta miƙo min takardun, ta buɗe jaka ta fito da wasu. "Na sake rubuta tsohuwar. Na ba ta ɗa a wani gari wanda ba ya ɗaukar waya. Likitan kuma ban zubar da shi ba, na dai ba shi suna. Ranar Asabar ka zo da shafi uku sababbi, ni ma in ba ka nawa. In ba ka zo da su ba kada ka hawo min matakala."

Na ce ni ba a yi min wa'adi a rubutu. Ta ce ta ji, ta tafi.

Ranar Asabar na je da shafi biyu da rabi. Na fitar da mutumin daga ɗaki, na kai shi tashar bas, kuma duk layin da na rubuta ina jin kamar ana cire min haƙori.

Yau wata goma sha huɗu ke nan. Littafin Yaya ya koma shafi ɗari da goma, ta sake shi sau uku. Kamfanin wallafa ɗaya ya dawo da shi da 'yar wasiƙa, ɗaya bai amsa ba, tana shirin aika wa na uku. Sauran ukun da suka kai dubu hamsin tare da ita, babu wanda ya sake buɗe nasa. Zauren ma ya koma wurin tura gaisuwar safiya da tallan kaya. Da watan gasar ya sake zagayowa na tambaye ta ko za ta shiga, ta ce Allah ya kiyaye, wanda ta haifa bai yi tafiya ba tukuna. Har gobe ina nan a kan bakana cewa ba a rubuta littafi a wata guda, kuma na gaya mata. Ta ce ita ma yanzu ta sani, amma da ba ta yi haukan watan nan ba, da me zan soke?

Nawa yana shafi na sittin da takwas. Sababbin shafukan ba su kai na farkon tsabta ba, kuma hakan na damuna kullum. Asabar ɗin da ta wuce na kai mata babin da mutumin ya je wurin ƙanwarsa neman sulhu. Ta karanta, ta turo min da yatsa ɗaya.

"Ƙanwar nan tana magana kamar sanarwar da ake mannawa a bango. Wace mace ce za ta ce wa wanta 'bisa la'akari da abin da ya gabata'?"

"Mai ilimi ce."

"Ko farfesa ce, in ranta ya ɓaci ba haka za ta ce ba. Cewa za ta yi, sai yau ka tuna da ni?"

Muka yi ta yi har mijinta ya ƙara muryar talabijin. Na tattara takarduna na sauko ban sha shayin ba. A cikin bas, ina tsaye an matse ni da wani mai ɗauke da fanka, na zaro biro na soke jimlar, na rubuta tata a sama. Ban gaya mata ba tukuna.